Gidanmu Ba Maroƙa Ba Ne

Saƙon murya ne ɗan gajere. Yaya ya jefo shi a zauren iyali na WhatsApp, inda kowa ke ji, har matan ƙannenmu da yaran da aka haifa a gabana: "Ashe abin da ya kai ka Amurka ke nan, busa? Ka goge bidiyon nan tun Hajiya ba ta gani ba. Gidanmu ba maroƙa ba ne."

Na goge, domin Yaya uba ne a wurinmu tun rasuwar Baba. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, shi ya sa na ga gara in yi ta a fili.

Bidiyon matata ce ta ɗauka wata Lahadi da la'asar, a wani zauren unguwa da ke kudancin Shikago. Bari in kwatanta muku wurin, don na san abin da wasu za su fara rayawa. Kujerun roba ne a jere, da tulun kofi a kusurwa, da tsofaffin mata baƙar fata da suka taso daga coci da manyan hulunansu. A bakin ƙofa an ajiye takarda da biro a kan tebur. Duk mai son hawa sai ya rubuta sunansa da abin da yake kaɗawa ko busawa. Makaɗa huɗu ne ke zaune dindindin a gaba: mai ganga, mai fiyano, mai jita, da mai babbar jitar nan mai kaurin amo. Wanda aka kira kafin ni tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki. Bayana wata likitar haƙori ce, farar fata, kanta fari fat da furfura, sai wani yaro ɗan sakandare da jitarsa ta fi ƙarfinsa. Babu wanda aka tambaya ɗan gidan wa ne. Da na hau, mai jita ya juyo ya ce mini, "G, a hankali," wato a kan sautin da ake kira G za mu ɗora kiɗan. Iyakar shirin da muka yi ke nan, mutanen da ba mu taɓa haɗuwa ba. Mai ganga ya ƙirga huɗu, kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ya tashi.

Abin da nake busawa hamonika ce, 'yar ƙarama da ke ɓacewa a tafin hannu. Ramuka 10 gare ta, a ciki akwai siraran harsunan tagulla 20, kowane rami da sautin hurawa da na zuƙa. Tawa ƙirar kamfanin Hohner ce na garin Trossingen a Jamus, wanda ya fara aiki tun 1857. Jamusawa sun tsara ta ne don waƙoƙin gargajiyarsu, a hura ta a sami sauti mai tsabta. Da ta faɗa hannun baƙaƙen fata na kudancin Amurka, jikokin bayi masu aikin gonar auduga, sai suka juya mata baya gaba. Suka mai da zuƙa ta fi hurawa yawa, har ya zama idan za a yi kiɗa a G, hamonikar C ake ɗauka. Sannan suka gano cewa idan ka zuƙi rami na 2, na 3 ko na 4, ka janye harshenka baya, ka buɗe maƙoshi, sautin zai lanƙwasa ya yi ƙasa, ya fitar da wani kuka da maƙeran ba su sa a ciki ba. Wannan kukan shi ne ran kiɗan buluz.

Lanƙwasar nan ta ba ni wahala fiye da komai, domin ba abin da malami zai nuna maka ba ne, duk aikin a cikin baki yake. A mota nake koyo, lokacin hutun aiki, gilashi a rufe. Da hunturu sai na sa ta a aljihun ƙirji ta ɗumama tukuna, in ba haka ba harsunan su ƙi motsi. Ranar da rami na 4 ya fara sauka a bakina, sai da tsigar jikina ta tashi.

To yaya baƙi huɗu da na biyar za su yi kiɗa tare babu shiri? Akwai tsarin da kowa ya haddace. Zagaye ɗaya gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu huɗu. Kiɗan yana zama a mazauninsa na farko gaɓa huɗu, ya tashi zuwa na biyu gaɓa biyu, ya dawo gida gaɓa biyu, sannan ya haura na uku, ya gangaro ta na biyu, ya sake dawowa gida. Mai waƙa ya faɗi layi ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware maganar. Cikin wannan shingen kowa ke ƙirƙirar nasa nan take, kuma abin da ka busa yau ba shi za ka busa gobe ba. Ba a fara ka da takarda. A ba ka gajeren salo na sauti uku ko huɗu, ka yi ta juya shi, ka jinkirta shi, ka gutsure masa wutsiya, har ka gaji da kwaikwayo bakinka ya fara kawo nasa.

Dattijon da ke koya mana, wanda iyayensa suka taso daga jihar Misisipi ta kudancin Amurka yana goye, abu ɗaya yake nanata mini: kada ka cika wurin, bari mai waƙa ya gama maganarsa, sannan ka ba shi amsa. Ranar da na fara jin haka na ce a raina, ai wannan amshi ne. Wanda ya tashi da Shata a rediyo ba ya buƙatar a fassara masa yadda jagora ke ajiye magana kalangu ya ɗauka. Dattijon ya lura ina kama wannan da wuri fiye da sauran ɗalibai, sai ya tambaye ni wane abin kiɗa na iya na ƙasarmu. Na ce babu. Ya ce ko ɗaya? Na ce ko taɓawa ban taɓa yi ba. Ya yi shiru yana kallona, ya kasa gane yadda mutum zai fito daga inda ake goge da gurmi da garaya da kukuma, ya kai shekara arba'in da wani abu hannunsa bai taɓa tsirkiya ba.

A nan nake da magana da mutanenmu. Ban zo da fatawa ba, ni ba malami ba ne. Wanda ya guji kiɗa saboda abin da ya karanta, ya guje shi ji da yi, ina ganin girmansa ƙwarai. Amma Yaya bai ce haramun ba. Yaya ba ya tuƙi daga Haɗeja zuwa Kano sai da Ɗanƙwairo a mota. A bikin 'yarsa da idona na ga yadda ya yi wa makaɗa liƙi har babbar rigarsa na zamewa. Abin da ya ce shi ne gidanmu ba maroƙa ba ne. Maganar asali ce. Muna son kiɗan, muna son a ambaci sunan kakanmu a ciki, amma wanda ya yi shi ba ma ba shi 'ya, ba ma son ɗanmu ya zauna kusa da shi. Mun ce sana'ar gado ce, don haka wanda bai gada ba an hana shi koyo, wanda ya gada kuma yana gudu saboda gorin da za a yi wa 'ya'yansa. To wa ya rage ya riƙe gurmin?

Shata kansa bai gada ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Da ya bi wannan hanin, da babu mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kan kuntigi ya faɗa wa ƙasa gaskiya har ya rasu a 2015. Muna alfahari da su bayan sun gagara, amma yaron da zai zama irinsu gobe, yau muna kwaɗe masa hannu.

Kada a ce na mai da Amurka aljanna. Mutanen da suka ƙirƙiro buluz sun sha wuya a hannun ƙasar nan fiye da yadda makaɗinmu ya taɓa sha. Su ma masu zuwa cocinsu sun daɗe suna kiran abin kiɗan Shaiɗan, iyaye na korar 'ya'ya a kansa. Kamfanonin faifai sun cinye haƙƙin da yawansu. Little Walter, wanda ya rungume hamonika da ƙaramin makirufo a tafin hannu ya sa ta yi ruri ta cikin amfilifaya, ya fitar da faifan busa zalla a 1952 ya hau na ɗaya a jerin kiɗan baƙar fata. Ya mutu a 1968 yana da shekara 37 bayan wani faɗa, kuma a ƙasar da ake kafa wa kowa dutse a kabari, nasa ya zauna babu alama har 1991. Kuma gaskiya ne yawancin wuraren da ake wannan kiɗa da dare gidajen giya ne, shi ya sa nake zaɓar inda zan sa ƙafa.

Zan ƙara da wani abu, ko da dattijona ba zai so ji ba. A fagen ƙirƙira nan take, namu sun fi nisa. Su shingen gaɓa 12 ke riƙe su, kuma layukan waƙar sau da yawa tsofaffi ne da ake ta aro. Namu mawaƙin zai hango mutum ya shigo taro, nan take ya ɗauko sunansa da garinsu da kakansa da abin da ya yi bara, ya ɗora a kan kiɗa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya yi zambo ya yi habaici 'yan amshi na biye da shi. Wannan ban ga mai yin sa a Shikago ba.

Amma duba abin da suka yi da nasu. Tun 1941 ma'aikatan babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar suka bi gonakin Misisipi da na'ura, suka naɗi muryar wani mai tuƙa tarakta, wanda duniya ta sani daga baya da Muddy Waters. Ya shigo Shikago a 1943, cikin miliyoyin baƙaƙen fata da suka gudo arewa daga wariyar kudu. Irinsu ne suka riƙa kiɗa a bakin titi a kasuwar Maxwell ranar Lahadi, suna jawo wuta daga gidajen maƙwabta. Yau hoton Muddy Waters ya rufe bangon wani dogon bene a tsakiyar gari. Ginin kamfanin Chess da ke lamba 2120 a titin Michigan, inda suka naɗi faifansu, an adana shi baƙi na zuwa gani. Tun 1984 hukumar birni ke shirya bikin buluz na shekara-shekara, galibi a watan Yuni, shiga kyauta. Akwai makarantar Old Town da aka buɗe a 1957, inda magidanci zai tashi daga aiki ya je ya zauna ajin koyon jita ko hamonika da yamma, ba wanda zai kira matarsa ya yi mata jaje. Sun raina abin da farko kamar yadda muke yi, daga baya suka farga. Mu har yanzu muna ganin rainin shi ne mutunci.

Akwai wani mai gurmi a unguwarmu muna yara. Da daddare bayan isha yakan zauna a dandali, ya kwantar da kai a kafaɗa, yatsunsa na tafiya a kan tsirkiya biyu, muryarsa can ƙasa-ƙasa. A ƙasar da ta fitar da Haruna Uji ba a ɗauke shi wani gwani ba, amma ni har yau ban ji abin da ya taɓa ni kamarsa ba. Mukan laɓe a bayan katanga mu saurara, domin in aka gan ka a gabansa ka sha bulala. Ya rasu da daɗewa. Ba kaset, ba hoto. Na tambayi ƙanena labarin 'ya'yansa, ya ce babban yana sayar da kayan waya a kasuwa, kuma ba ya son a tuna masa sana'ar ubansa. Gurmin ma ba a san inda ya shiga ba. Yaran da ke waƙa yanzu, Allah ya ba su sa'a, amma kiɗansu daga fiyanon situdiyo yake fitowa, an danna maɓalli an sami kalangu.

Idan na lanƙwasa rami na 3 a cikin motar nan, dusar ƙanƙara na sauka a gilashi, wallahi ba Misisipi nake ji ba. Ban taɓa zuwa Misisipi ba. Dandalin nan nake nema, kuma abin baƙin ciki ne a ce sai da na ƙetare teku, na sayi ƙarfen Jamus, na zauna gaban jikan bayi, kafin a ba ni izinin nemansa.

'Yata ta biyu makarantar gwamnati ta ba ta aron gogen Turawa, tana zuwa da shi gida a akwatinsa. Rannan na nuna mata wani tsohon bidiyon mai kukuma a intanet, hoton duk ya dushe, sautin na shaƙewa. Ta matso da kunnenta jikin wayar, ta ce, "Baba, wa zai koya mini wannan in mun je gida?" Ban ce mata kawunta zai hana ba, domin ina son ta ci gaba da ɗokin zuwa gida. Yaranmu na nan abu kaɗan ke ɗaure su da can: Hausar da suke yi a karye, da tuwon ranar Asabar, da kiran bidiyo ranar Sallah. Idan yarinya ta miƙo hannu da kanta ta ce ga abin da take so na ƙasar ubanta, ban ga da wane baki za mu ce mata wannan ba na irin gidanmu ba ne.

In Allah ya kai mu hutun makaranta mai zuwa za mu zo. Zan je in gaida Yaya in durƙusa kamar yadda na saba, kuma zan faɗa masa da bakina cewa ina neman mai kukuma ko mai gurmi, tsakanin Haɗeja, Gumel da Kano, wanda zai karɓi ɗalibai biyu, uba da 'ya. Zan biya shi kuɗin karantarwa kamar yadda nake biyan dattijon nan, a zaune a kan tabarma ɗaya, kuma in ya yarda zan naɗi duk abin da ya kaɗa in bar wa iyalinsa kwafi. Wanda ya san irin wannan mutumin, don Allah ya yi mini hanya.