Man Agadem daga ƙasan teku ya fito

A Damagaram an saba cewa mu ba mu da teku, sai rairayi. Amma masana duwatsu sun nuna cewa man Agadem, filin mai na gabashin Nijar, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, ganga 20,000 a rana, asalinsa ƙasan teku ne. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage a gabashin Nijar, kwarin Termit, inda Agadem yake, ya lotsa. Daga baya, tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa 70 da suka wuce, ruwan teku ya ratsa Sahara daga arewa har ya haɗu da na mashigin tekun Gini. Ƙananan halittun ruwa suka riƙa mutuwa suna kwanciya cikin baƙar laka. Wannan laka ce ake kira Yogou da Donga. Nauyin ƙasa da zafi suka dafa ta, mai ya tsattsafo sama ya shiga dutsen yashi na Sokor, wani shimfiɗin laka kuma ya rufe shi kamar murfin tukunya. Da babu wannan murfi, da man ya tsere tuntuni.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne Seme. Can bututunmu na man Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya ƙare, a gaɓar Benin, kuma a ƙarƙashin ruwan wurin akwai filin mai da aka gano a 1968. An fara haƙo shi a 1982, aka rufe a 1998 bayan ganga kusan miliyan 22, saboda rijiyoyin sun koma fitar da ruwa fiye da mai, farashi kuma ya faɗi. Masanan da suka ce akwai mai a wurin ba ƙarya suka yi ba, man yana nan. Sai dai yawan abin da ke cikin dutse daban, abin da za a iya fitarwa da riba daban, kuma ƴan siyasa sun fi son ambaton lissafin farko.

Agadem ya fi Seme girma nesa ba kusa ba, haƙa a tudu kuma ta fi ta cikin ruwa sauƙin kuɗi. Duk da haka dutsen yashi ɗabi'arsa ɗaya ce. Idan aka matsa wa rijiya don a cika bututu da ganga 90,000 kowace rana, ruwan da ke ƙasan man zai iya hawowa da wuri ya datse sauran.

Wane ne zai ce wa kamfanin CNPC na China, mai haƙar man Agadem, ya sassauta? Sai wanda ya iya karanta hoton cikin ƙasa da bayanan rijiyoyi da kansa. A ganina ya kamata gwamnati ta riƙe kwafin duk waɗannan bayanai a hannunta, ta buɗe su ga malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, tun da matatar na maƙwabtaka da su. Mun yaye masu lissafin kuɗi da lauyoyi da yawa. Masu sanin Sokor da Yogou ne ke mana ƙaranci a teburin yarjejeniya.