Sifana Mai Lamba 10

Wai don Allah ina sifana mai lamba 10 take zuwa ne? Ta biyar ke nan na saya bana! Duk Asabar ɗin da na shimfiɗa buhu a ƙofar gida zan taɓa Boxer ɗina, in canza baƙin mai ko in wanke kafireto, sai na zazzage akwatin kaf: ga 12, ga 14, ga 17 da ba ruwana da su sun zuba mini ido, ita kuwa ko sama ko ƙasa. Maƙwabcina ya ari ɗaya, wai minti biyu, tun kafin azumi, yanzu har hanyar masallaci ya canza. Uwargida ta tokare tagar kicin da ɗaya, Auta ya ɗaura wa wata zare yana ja wai tirela ce. Ƙafa gare ta ne? Ko aljanu ma sun fara acaɓa? Ina cikin lalube kuma 'yan ba da shawara sun kewaye ni, mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba yana cewa "Malam, filogi ne", wani ya ce salansa, wani ya rantse jabun fetur aka zuba mini. Da ƙyar na harhaɗa komai da filaya, hannu ya yi baƙi ƙirin, farar rigata ta tashi daga aiki, na ɗaga buhu, sai ga noti biyu zaune. Na ina ne kuma waɗannan?