Rashin Haihuwa Ba Daga Mace Kaɗai Yake Ba

Yana damuna yadda duk auren da ya shekara uku babu ciki, sai idon dangi ya koma kan matar, a yi ta kai ta asibiti da wurin masu magani, miji kuwa ba a tambayarsa komai. Masu wannan fahimta suna da dalilinsu: mace ce take ɗaukar ciki, kuma suna ganin namijin da yake iya kusantar iyalinsa har ya fitar da maniyyi lafiyarsa ƙalau.

Sai dai ƙarfin saduwa daban, ingancin maniyyi daban. Ruwan yana iya fita yadda aka saba, alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa sun yi kaɗan, ko ba sa motsi sosai, ko babu su sam, kuma ido ba ya gane haka sai da na'urar asibiti. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, namiji yana da hannu a matsalar. Kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyin da aka yi sakaci da shi, hangum bayan balaga, ciwon suga da shan taba duk suna jawo ta.

Dubi magidancin da ya yi wa matarsa kishiya don neman haihuwa, amaryar ma ta shekara biyu shiru, alhali ta haihu a gidan tsohon mijinta. Gwajin maniyyi, wanda ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, shi ya kamata a fara yi masa, domin wasu daga cikin waɗannan matsaloli suna jin magani ko tiyata.