Gidan rediyon da ke sa ka ji abin da ba ka nema ba

Da ƙarfe 12:48 na dare agogon Birtaniya, wata murya a tashar Radio 4 ta BBC takan fara jero sunayen yankunan teku: Viking, Dogger, Fisher, German Bight, har ta kewaye yankuna 31 da ke zagaye da ƙasar. Kowanne sai ta faɗi ta inda iska ke kaɗowa, da ƙarfinta, da iya nisan da ido zai hango. Domin masunta da matuƙa jiragen ruwa aka yi shirin, kuma asalinsa masifa ce. A 1859 guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Wales, mutum fiye da 400 suka halaka, shi ya sa Robert FitzRoy, shugaban ofishin kula da yanayi na ƙasar a lokacin, ya soma fitar da gargaɗin guguwa ga jirage. Yau manyan jirage suna samun bayanin a kan na'ura, amma shirin yana nan, kuma da yawa daga masu sauraronsa suna kwance ne a gado, ba su taɓa jefa koma a ruwa ba.

Ni dai wannan ya ishe ni hujjar abin da nake son faɗa. Akawun da ke tsakiyar birni, kafin barci ya ɗauke shi, an tuna masa cewa akwai ɗan ƙasarsa da ke can cikin igiyar ruwa yana neman abinci. Bai nemi wannan tunatarwa ba, tashar ce ta kawo masa ita har gida. Amfanin gidan rediyo na ƙasa mai shirye-shiryen magana iri-iri ke nan, kuma shi ne abin da muke gab da rasawa ba tare da mun lura ba.

Mun fi sanin BBC ta Sashen Hausa da aka buɗe a 1957, amma Radio 4 ta cikin gida ce, an buɗe ta ranar 30 ga Satumba, 1967, a madadin tsohuwar tashar Home Service. Ba tashar kiɗa ba ce, kuma ba ta sa tallan kasuwanci. Da ƙarfe 5:45 na asuba manoma ake fara ba fili: cutar dabbobi, farashin madara, halin da gonaki ke ciki. Sai ƙarfe 6 shirin Today ya karɓa har zuwa 9, kuma da ƙarfe 8:10 ne aka saba titsiye minista ko wani babba da tambayoyi. Ina ganin hikima a wannan jeri. Wanda ya tashi da wuri domin ya ji yadda za a kaya da minista, sai ya fara jin kukan makiyayi tukuna, don haka idan ministan ya zo yana zuba alkawura, mai sauraro ya riga ya samu ma'aunin da zai auna su.

Da hantsi akwai Woman's Hour, shirin mata da aka fara tun 1946. Daga nan kimiyya, tarihi, kuɗi, littafi, wasan kwaikwayo da rana, barkwanci da 6:30 na yamma bayan ƙararrawar Big Ben ta agogon majalisa a Landan da labarai, da daddare kuma rahoton zaman majalisa. Ƙarfe 1 na dare sai a buga taken ƙasa a miƙa ragamar ga sashen BBC na duniya.

A cikinsu duka, wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne The Archers, wasan kwaikwayo na wani ƙagaggen ƙauye mai suna Ambridge. Tun ranar 1 ga Janairu, 1951 ake watsa shi a faɗin ƙasar, ya haura kashi 20,000, kuma kowane kashi bai cika minti 15 ba. An ƙirƙiro shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake rabon abinci da kati, da hannun ma'aikatar gona a ciki, domin a koya wa manoma dabarun zamani. Masu shirin sun gane cewa nasiha tsagwaronta ba ta shiga kunne, sai an naɗe ta cikin labarin aure da gado da rigimar maƙwabta. Darasin noman ya ja baya daga bisani, amma abin da ya fi shi daraja ya tsaya: mutanen birni sun shafe shekara fiye da 70 suna bin rayuwar ƙauye kamar ta danginsu. Babu wata takardar gwamnati da za ta iya yin wannan aiki.

To, akwai masu cewa zamanin wannan tsari ya wuce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Me zai sa mutum ya jira ƙarfe kaza domin shirin da yake so, alhali yana iya sauke shi a waya ya saurara sa'ad da ya ga dama? Alƙaluma ma suna bayansu: masu sauraron Radio 4 a mako sun haura miliyan 11 a 2017, yanzu kuwa suna kewayen miliyan 9, kuma yawancinsu masu shekaru ne. Ana kuma zargin tashar da cewa muryar 'yan boko masu hali ta fi yawa a cikinta. Wannan zargi na yarda da shi, domin tashar da ke kiran kanta ta ƙasa wajibi ne a ji harshen kowane lungu a cikinta, ba a matsayin baƙo ba.

Inda na rabu da su shi ne a kan me ake nufi da zaɓi. Manhajar waya tana lura da abin da ka saba latsawa, sai ta ƙaro maka irinsa. Mai son ƙwallo ya ƙare a ƙwallo, mai fushi da gwamnati a yi ta tura masa masu fushi irinsa har ya ɗauka duk duniya haka take. Mutum ba ya neman abin da bai san da shi ba. Wa zai zauna ya rubuta a waya cewa yana son jin yadda ake binciken cutar da ke kashe ƙudan zuma? Amma idan shirin ya faɗo maka kana tuƙi ko kana wanke-wanke, sai ka tsinci kanka ka kasa kashe rediyon. Sannan jadawalin rediyo mutum ne ya tsara shi, mai suna, mai ofis, wanda za a iya kai ƙararsa idan ya karkata. Manhaja kuwa wa za ka tuhuma?

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan sharaɗi guda: wa ke biyan kuɗin? Jadawali iri-iri a hannun gwamnati mai son a yabe ta yakan rikiɗe ya zama roƙo tun safe har dare, shirin noma ya koma yabon minista, shirin mata ya koma labarin uwargidan shugaba. Radio 4 tana cin abinci ne daga kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya, lasisin rediyo kuwa tun 1971 aka soke shi. Wannan tazara tsakanin baitulmali da ɗakin watsa shiri ita ce ke ba ɗan jarida ƙarfin halin katse minista da ƙarfe 8:10.

Kundin sarauta da BBC ke aiki a ƙarƙashinsa, wato takardar izinin da masarautar Birtaniya ke ba ta, zai ƙare a ƙarshen 2027, kuma batun kuɗin lasisin yana cikin abin da ake ja-in-ja a kai. Abin da nake tsoro, a Birtaniya da duk ƙasar da ke da irin wannan tasha, shi ne yadda ake yanka idan aljihu ya yi zafi. Ba a taɓa labarai, domin manya suna sauraro. Wuƙar takan faɗa ne a kan wasan kwaikwayo mai tsadar shiryawa, da shirin asuba na manoma, da duk wani fili da masu shi ba su da bakin magana a babban birni.