Wai sai fasto ne kaɗai yake aikin Allah?

Akwai wata magana da ke damuna a cikin 'yan'uwa, wai aikin Allah shi ne na fasto da mai bishara da mawaƙan coci, sauranmu kuwa neman abinci kawai muke, sai dai mu kawo baiko ran Lahadi. Na gane inda ta samo asali, don kiran hidima kira ne mai nauyi kuma masu yinsa sun cancanci girmamawa.

Amma ba haka Littafi Mai Tsarki ya koya ba. A Farawa 2:15 tun kafin zunubi ya shigo Allah ya sa Adamu a gonar Aidan ya noma ta ya kula da ita, kenan aiki ba horo ba ne, wahala da ƙayayuwa ne suka zo daga baya. Yesu kansa mutanen garinsu da sassaƙa suka san shi, duba Markus 6:3, Bulus kuma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila. Kolosiyawa 3:23 ma da ta ce a yi komai da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, ai bayi ake wa magana a wurin, masu aikin da ba wanda yake yabawa.

Ɗauki tela gab da Kirsimeti, kaya sun taru, ga NEPA ta ɗauke wuta. In ya faɗi gaskiyar ranar da zai gama, ya mayar da ragowar yadi, ya ɗinka rigar marainiya da kyau kamar ta matar mai kuɗi, to hidima yake yi a kan keken nan, ko bai taɓa hawa bagade ba.