In ka karɓi gari, to faɗi amsa

Fim mai dogon zango irin na bincike, wanda ake buɗewa da gawa ko ɓatan wani a ce mu biyo mu ga wa ya aikata, ni a ganina sai ranar ƙarshe ake sanin ko marubucin ya iya aiki. Kashi ɗari na iya yin daɗi, kashi guda na ƙarshe ya zubar da su duka. Mu nan Maradi mun san zafin abin don ba kyauta muke kallo ba, wani duk sati sai ya sayi mega ya bi YouTube, wani ya je wajen masu turi a bakin kasuwa ya biya a zuba mishi a waya, wasu ko a fada suke haɗa kai biyar kan waya guda shayi na bisa wuta, in kuran ya ɗauke a lallaɓa da ɗan cajin da ya rage. Shekara biyu, uku ana haka. Wanda ya yi wannan hidimar wallahi yana da hakki a kan mai fim.

Dokar tun a wasan kacici-kacici muka san ta. In aka ce shanun gidanmu dubu madaurinsu ɗaya, ka yi ta lalube ka kasa, sai ka ce na ba ka gari, na ba ka Tibiri, ya ce bai so, na ba ka Madarunfa, ya karɓa ya ci ya sha, daga nan dole ya ce tsintsiya. Kowa ya ce ashe! Daɗin yana ga cewa amsar tana gabanka tun farko, kai ne ba ka gani ba. Masu kallo sun ba da gari tun tuni, abin da suke jira kenan, amsar da in ka koma kashi na uku ko na goma za ka tarar an aje maka alama ka wuce ta.

A Amurka an yi wani shiri, The Fugitive, daga 1963 zuwa 1967, kashi 120. Likita ne aka ɗora ma kisan matarshi, ya tsere, yana gari-gari yana neman wani mutum mai hannu ɗaya da ya gani daren da abin ya faru, ɗan sanda kuma na biye da shi. Ranar 29 ga Agusta 1967 da aka nuna ƙarshen, mutum wajen miliyan 78 suka zauna gaban tele. Ba wani sabon abu aka kawo musu ba fa, mai hannu ɗayan nan dai da ake faɗi tun kashin farko shi ne, aka wanke likita ya fita da sunanshi. Tambayar da aka yi ita aka amsa, shi kenan, kuma har yau in ana lissafin ƙarshen da ya gamsar sai an sako shi.

Na san abin da masu shirya fim za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ranar da ka tona asiri ranar kasuwa ta watse, talla ta tsaya, yaran da ke cin abinci a aikin su koma gida. Ya faru da wani shirin Amurka, Twin Peaks, da aka fara a 1990, gidan tele ya matsa aka faɗi wanda ya kashe yarinyar da aka buɗe labarin da gawarta a tsakiyar zango na biyu, masu kallo suka janye, 1991 aka tsaida shirin. To amma wannan matsalar lokaci ce, ba ta ba kowa izinin ya yi ta jan mutane ba shi da amsa a aljihu. Ana ganewa ai. Da zarar an fara ƙirƙiro tagwayen da ba wanda ya taɓa jin labarinshi, ko wanda aka yi ma jana'iza ya dawo ba bayani, ko a ɗauko boka da aljani a labarin da aka faro da hujja da shaida, ko mafi ciwo a ce wai duk mafarki ne, to marubuci ya ɓata hanya yana sayen lokaci da kuɗinmu.

Wanda na fi so masu rubutunmu su duba shi ne Monk, 2002 zuwa 2009, zango takwas, kashi 125. Labarin wani tsohon ɗan sanda ne mai suna Monk a San Francisco, an kashe matarshi Trudy da bam a mota, abin ya taɓa shi har ya rasa aikinshi. Dabarar ita ce kusan kowane kashi akwai ƙaramin kes da ake warwarewa a ranar, mai kallo ya kwana da gamsuwa, babban kuma na matar aka aje shi har Disamba 2009. Kuma mabuɗin na cikin gidanshi duk shekarun nan, wata kyauta da ta bar mishi kafin ta rasu ya kasa buɗewa, ashe bidiyo ne a ciki. Ƙarshen na da aibi, ban ɓoye ba, alƙalin da ya sa aka yi kisan baƙuwar fuska ce, ba wanda zai iya cankarshi tun baya, kuma wannan ragi ne a fim ɗin bincike. Amma mutane sun yafe saboda an ba su abu na biyu da suke jira, sun ga bawan Allahn nan ya samu sauƙi, ya gano matar ta bar ɗiya a duniya, ya koma bakin aikinshi. Shekara takwas kana tare da mutum, sunan mai laifi kaɗai bai isarka, kana son sanin ina shi ya kwana.

Sai abin da ya fi damuna yanzu, kwamen. Yau kashi na fita, kafin la'asar an cika Facebook da TikTok da hasashe, kuma cikin dubban mutane dole wani ya canka daidai. Wasu marubutan da sun ga haka sai zuciya ta ɗebe su su canza mai laifi don kar a ce an gano su, duk alamun da aka shuka a baya su tashi a banza. Kuskure ne babba. In ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko wata uwar gida a unguwar Zariya ta bi alamunka ta gano tun zango na biyu, ai yabo ne gare ka, labarinka ya tsayu da ƙafarshi kenan, kuma ita ce za ta fi kowa murna ranar da aka tabbatar, ta kira ƙawarta ta ce ban gaya miki ba? Haka nan in suka yi ca a kan a bar wane da rai ko a aura ma wance wane, ba dole a bi su ba, gobe su ne za su ce fim ya lalace.

Don haka masu zuba kuɗi a Kano da namu na nan gida da suka fara gwada dogon zango, kafin a kunna kyamara ranar farko ku sa marubuci ya rubuto kashin ƙarshe ya aje muku, da sunan mai laifi da dalilinshi da wuraren da za a aje alama. In ya ce sai tafiya ta yi nisa zai gani, ku riƙe kuɗinku tukuna.