Ogan mai bututu a Zuru? Ku bari don Allah

To, kun dai ji sanarwar da aka yi bayan sujada ranar Lahadi. Wai za a buɗe baiko na musamman a sayo tsohon ogan mai bututu, wato babban kayan kiɗan nan na majami'un Turawa, daga Ingila, saboda a "maido da gadon waƙarmu". Gadon wa? Madalla da dattawa, ashe kakanninmu na ƙasar Zuru da ogan suke zuwa bikin gargajiya na Uhola ba mu sani ba.

Abin da ya ƙona mini rai, bakin da ya faɗi haka shi ne ya ce Zumuntar Mata su rage buga tulu da kacau-kacau, wai hayaniya ce. Hayaniya! Matan da suka riƙe waƙar majami'ar nan tun babu lantarki, babu lasifika. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta haddace labarin Yusufu da 'yan'uwansa kaf, a bakin waɗannan matan ta koya, wata ta bayar, saura su amsa, da Hausa da C'lela, harshen mutanen Zuru. Wannan shi ne gadonmu, ba wani abu ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ku buɗe Zabura 150 ku ga ko an hana ganga da kuge.

Na san za a ce ai babbar majami'ar Angilikan ta Marina a Legas tana da ogan. To sai me? Nan Legas ne? Kayan nan katako ne da fata da ƙarfe, iska ake hura wa bututun su yi sauti. Hunturu ya busar da katakon ya tsage, iska ta riƙa zurarewa, zafin Afrilu ya karkatar da muryoyin. Wa zai gyara? Sai an ɗauko masani daga nesa, a biya masa mota da masauki. Wa ma zai kaɗa?

Ni ba na ƙin ogan, na ji shi, yana ratsa jiki. Amma Baba dattijo, da girmamawa nake roƙo, kafin a tara ko sisi a sa matasa su zauna da iyayenmu mata su ɗauki waƙoƙinsu a waya, a rubuta. Kowace shekara muna binne masu su.

Af, kuma wanda ya ari tulun Zumunta tun bikin Kirsimeti ya dawo da shi. Mun san gidan.